Tukunyar Juma'a a Garwa: Littafin Aikinmu

Juma'a, 15 ga Nuwamba, 2024

Yau muka ɗora tukunyar farko. Mu matan adashi na nan unguwar Yelwa a Garwa, arewacin Kamaru, mun yi shawara kowace za ta riƙa ƙara sefa 500 a kan zubinta na mako. Wannan kuɗin ba na kwasa ba ne, na tuwo ne. Duk Juma'a za a dafa a gidan wadda layi ya zo kanta, a kai wa tsofaffin unguwa da ba su da mai hura musu wuta. Hajiya uwar adashi ta ɗora mini rubutu, don kada a manta wa aka kai wa, wa aka tsallake.

Asalin maganar ambaliyar bana ce. Da ruwa ya ci Yagwa da Maga a watan Satumba, mun tara zannuwa da tabarmi muka aika. Ranar da ake ɗaure kayan ne wata ƙanwarmu ta ce, "Yaya, mun ji kukan mutanen Yagwa daga nesa, madalla. To Iya ta bayan masallaci fa, wa ya leƙa ta tun sallar layya?" Aka yi tsit. Kowa ya san Iya, kowa na wucewa ta ƙofarta, kowa kuma na zaton akwai mai kula da ita.

Malam liman bai tsawaita ba da muka kai masa maganar. Ya kawo mana wasiyyar da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Abu Zarri, cewa in ya dafa miya ya yawaita ruwanta, ya tuna da maƙwabtansa. Ya ce wannan ko mai ƙaramar tukunya zai iya.

Gida 7 muka fara da su. Sharaɗinmu guda ne: mai kai abinci ba za ta miƙa daga zaure ta juya ba. Za ta yi sallama, ta shiga, ta zauna har a ci.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, 2024

Tuwon masara da miyar kuka. Biyu daga cikin tsofaffin ba su da haƙoran nama, don haka daga yau za a riƙa daka musu busasshen kifin Lagdo a cikin miya. Mijin Hajiya zai je kasuwar Pitowa ranar Lahadi ya sayo mana masara da dawa tun da kaka ce, hatsi ya sauko.

Idon Iya ya yi yana, duka biyun. Da murya take gane mutum.

Asabar, 21 ga Disamba, 2024

Hunturu ya sauka sosai. Mun sayo barguna a gwanjo, an wanke, an raba.

Ina so in rubuta labarin wani dattijo da muke ce wa Baba. Yana kwana a wani ɗan ɗaki da wani bawan Allah ya ba shi aro shekara da shekaru. Ba mata, ba ɗa, ba jika. Makonnin farko ba ya cewa komai sai "Allah Ya yi albarka," ya ci loma uku ya rufe kwano. Ni da ɗana muke zuwa, tun da namiji ne. Jiya yaron ya tambaye shi, "Baba, kai mutumin ina ne?" Ashe tambayar da yake jira ke nan.

Daga ƙasar Kano ya fito yana saurayi, ya biyo ta Yola ya sauka Garwa kafin a ba Kamaru mulkin kai a 1960. Dako ya yi a tashar jirgin ruwa ta Binuwai. Ya ce jiragen sai da damina suke iya isowa, in kogi ya cika. Su taso daga can bakin teku su biyo ta Lokoja, su kawo gishiri da siminti da mai, su kwashi auduga da gyaɗa. Wata biyu zuwa uku ana aiki dare da rana, buhu a ka, sai ruwa ya ja baya a jira wata shekara. Ya ba mu labarin zamanin Ahijo, shugaban Kamaru na farko, ɗan nan Garwa, da yadda gari ke cika in ya zo gida, da yadda kogin ya sauya hali bayan an gama madatsar Lagdo a 1982. Yana magana yana ci, bai ankara ba ya cinye tuwon tas.

Abin da na gani shi ne ba yunwar ciki ce ta fi damun Baba ba. Maƙwabta ba su bar shi da yunwa ba, wannan ya miƙo, wancan ya miƙo. Abin da ya rasa shi ne wanda zai zauna ya ji shi. Duk abokan dakonsa sun riga shi gidan gaskiya, yaran unguwa kuwa Fillanci da Faransanci sun fi yawa a bakinsu. Ya ce ya kan yi wuni bai furta kalma ba sai a cikin salla. Da muka tashi tafiya ya ce wa ɗana, "Jikana, mako mai zuwa zan gaya maka yadda ake ɗora buhu ba ka karya wuya ba." Jiya ne karon farko da na ji shi ya ambaci mako mai zuwa.

Laraba, 8 ga Janairu, 2025

An ɗan yi ja-in-ja a wurin zubi. Akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Tupuri a ƙarshen layinmu, Kirista ce, Mama muke ce mata. Mijinta ya yi aikin kamfanin auduga har ya rasu, 'ya'yanta biyu suna kudu. Wasu sun ce a sa ta a jeri, wasu sun ce kuɗin Musulmi ne. Ba a yi faɗa ba, amma fuskoki sun sauya.

Muka koma wa Malam. Ya ce zakka tana da nata hukuncin da waɗanda Allah Ya ambata a Suratut Tauba, amma abin da muke yi sadaka ce da haƙƙin maƙwabtaka, kuma Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Ya ƙara da cewa akwai lada a kan kyautata wa duk mai rai. An sa Mama a jeri. Ni dama ra'ayina ke nan, domin matar nan ita ta riƙe mini yara ranar da aka kai maigidana asibiti, ba ta tambaye ni addinina ba.

Gidaje sun zama 9.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, 2025

Wani ɗan kasuwa ya aiko cewa zai riƙa ba mu buhun shinkafa duk wata, da sharaɗin a ɗauki hoton tsofaffin suna karɓa, a sa a Facebook da WhatsApp don wasu su gani su yi koyi. Ban ce niyyarsa mugu ce ba, Allah ne masanin zukata. Kuma buhun shinkafa ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu.

Mun daɗe muna juya maganar. Abin da ya yanke ta tambaya ce da Hajiya ta yi: "Wace ce a cikinku za ta yarda a ɗauki uwarta tana miƙa hannu, a yaɗa a duniya?" Iya ba ta gani, ba za ta ma san an ɗauka ba, wannan kuwa ya fi muni. Allah Ya hana mu ɓata sadaka da gori da cutarwa a Suratul Baƙara, a Suratul Insan kuma Ya yabi masu ciyarwa suna cewa don Allah muke ciyar da ku, ba mu neman sakayya ko godiya. Talaka in ya rasa komai, mutuncinsa ne ya rage masa. Mun aika masa da godiya, mun ce ƙofa a buɗe take in zai bayar ba hoto. Har yanzu shiru.

Ɗaya daga cikinmu ta ji haushi, ta ce mun kori arziki da hannunmu, ta janye daga kuɗin tukunya. Abin ya yi mini ciwo, domin mace ce mai ƙoƙari, kuma tsoron kada abinci ya yanke ne ya sa ta faɗi haka.

Juma'a, 14 ga Maris, 2025

Azumi ya kusa rabi, zafin Garwa kuwa ya kai inda ya saba kaiwa a wannan wata, sama da digiri 40 da rana. Mun dakatar da tuwon Juma'a muka koma kunun gyaɗa da ƙosai kullum kafin magariba. 'Yan matanmu ke rabawa bayan la'asar, su cika wa kowa randa kafin su fito. Ruwan ma aiki ne, don tsohuwa ba ta iya ɗaukar bokiti daga famfo.

Wata daga cikin tsofaffin tana da ciwon suga, ta dage sai ta yi azumi. Ta faɗi sau ɗaya a tsakar gida. Sai da Malam ya taka da kansa ya ce mata, "Inna, Allah da Ya wajabta azumi Shi ne Ya yi wa mara lafiya da tsoho rangwame. Karɓar sauƙin da Ya ba ki ma biyayya ce." Ta yi kuka, sannan ta sha ruwa. Ba taurin kai ba ne. Tana ganin in ta bar azumi, ta fita daga sahun mutane gaba ɗaya.

Mutane na tambayata ina nake samun ƙarfin wannan zirga-zirga da azumi a baki. Gaskiyar ita ce na san ɗakin da babu kowa. Da maigidana ya rasu, gida ya cika ranar uku, ya cika ranar bakwai, aka dawo ranar arba'in. Daga nan ƙafa ta ɗauke, ni kuwa da sauran takaba a gabana, wata huɗu da kwana goma ba fita. Ba wanda ya yi mini laifi, kowa da hidimarsa. Amma na san yadda la'asar ke tsawo in ba mai sallama. A lokacin Suratud Duha na riƙe, inda Allah ke ce wa AnnabinSa bai yi masa bankwana ba kuma bai ƙi shi ba, sannan a ƙarshen surar Ya yi umarni game da maraya da mai roƙo. Na daɗe ina karanta farkon don kaina kafin in lura ƙarshen ma da ni yake magana.

Yanzu kuma akwai Iya. Duk wadda ta shiga ɗakinta sai ta kama hannunta ta yi mata addu'a da sunanta da na 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ba ta manta ko ɗaya. Nakan shiga a gajiye in fito da sauƙi a ƙirjina. Ban san wa ke ɗauke da wani tsakanina da ita ba.

Asabar, 29 ga Maris, 2025

Magidanta da dama sun kawo mana zakkar fidda-kai tun da mun san gidajen mabuƙata. Sa'i ɗaya kan kowane mutum, wato mudu 4 na Annabi, daga abincin da aka fi ci a gari. An raba wa Musulmin cikinsu tun yau don su wayi garin salla da hatsi a ɗaki. Na Mama daga asusun tukunya muka auna mata daidai da na kowa.

'Yan mata sun yi wa Iya kitso da lalle. Ta ce rabonta da lalle tun mijinta na da rai.

Talata, 22 ga Afrilu, 2025

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu jiya da asuba.

Tun makon jiya zafi ya kwantar da shi. Ɗana da abokansa biyu suka riƙa kwana a wurinsa bi da bi, suna jiƙa masa tsumma suna ba shi ruwa da cokali. An kai shi asibiti aka ƙara masa ruwa, ya ɗan farfaɗo, ya ce a mayar da shi ɗakinsa. Yaron da ke wurinsa a daren ƙarshe ya ce ya laƙƙana masa kalmar shahada, ya kuma amsa.

A ƙarƙashin tabarmarsa aka sami ƙullin leda, da farin yadi a ciki da 'yan kuɗi, da takarda da ajami cewa na likkafani ne da masu haƙa kabari. Yadin har ya soma ja don daɗewa. Shekaru ke nan mutumin nan yana shirin mutuwar da yake zaton ba wanda zai tsaya masa. Malam ya yi masa wanka, aka yi sanarwa a masallatai, sahu ya cika har waje. Maza suka kai shi makwanci, mu kuma muka zauna a tsakar gidan da ya yi aro muka karɓi gaisuwa, domin ba wasu dangi sai mu. Mama ta zo ta zauna tare da mu wuni guda.

Ɗana ya rubuta wasu daga cikin labaran tashar jirgi a littafin makarantarsa. Sunan ƙauyensu ma yana ciki. Mun ba wani direba da ke zuwa Kano saƙo ko za a dace da wani nasa a sanar da shi. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta.

Juma'a, 16 ga Mayu, 2025

Hadari ya fara haɗuwa. Ɗakuna uku na yoyo, ɗaya kuma katangarsa ta tsage. Samarin da suka yi jinyar Baba sun ce su ma a ba su aiki, don haka gyaran rufi ya koma hannunsu. Wani mai sayar da kayan gini ya ba da kwanon rufi na hannu guda 6, bai nemi a ambaci sunansa ba.

Litinin, 9 ga Yuni, 2025

Naman layya ya shigo har ya fi ƙarfinmu. Haka abin yake duk shekara: kwana uku talaka na ƙoshi da nama, sannan a yi wata da watanni bai gan shi ba. Mun soya shi ƙarau a cikin kitsensa, muka zuba a tukwane muka rufe, za a riƙa tsakura ana sa wa miyar Juma'a.

An ƙara gida ɗaya. Wata Gwaggo ce daga Amcide, garin da ke manne da Banki a kan iyakar Najeriya. Ta gudo a 2014 lokacin da Boko Haram suka addabi yankin, ta zauna Mora, daga baya ta gangaro nan da jikoki uku. Wasu danginta na ɓangaren Najeriya suna sansanin Minawawo da aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo. Ɗanta tun ranar gudun ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wanke-wanke take yi a gidajen mutane. Ba ta son a yi mata tambaya, mu ma ba mu yi. Wadda ke kai mata ta ce wani lokaci sukan yi sa'a guda suna tsince shinkafa ba wadda ta ce uffan, in za ta tafi Gwaggo ta ce, "Kin yi mini hira yau."

Juma'a, 15 ga Agusta, 2025

Wannan ne wata mafi wuya tun da muka fara. Hatsin da muka saya da kaka ya ƙare, na kasuwa ya hau, sabo bai iso ba. Kuɗin babur ma bai sauko ba tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, man zuwa-zuwa, wato na fasa-ƙwauri daga can, da muke dogaro da shi ya yi tsada. Sauro ya yi yawa. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 ana bi gida-gida ana ba su maganin rigakafin zazzaɓi a watannin damina, mai ciki kuma tana da takardar lafiya ta sefa 6,000 da ke ɗauke mata awo da haihuwa. Wannan alheri ne. Amma tsoho mai hawan jini daga aljihunsa zai sayi magani duk wata, in babu ya haƙura. Rabin asusunmu yanzu can yake tafiya.

Mu kanmu mun gaji. Wasu na gona, wasu na jinyar 'ya'yansu, mata uku sun kasa biyan kuɗin tukunya wata guda kuma ba mai ganin laifinsu. An kawo shawarar a dakata sai bayan kaka. Na ƙi, Hajiya ma ta ƙi. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Kuma wanda aka saba wa sallama duk Juma'a, in aka yanke masa, ya fi wanda ba a taɓa zuwa wurinsa ba jin ciwo. Muka tsaya a kan cewa in tuwo ya gagara a dama kunu, in kunu ya gagara a je hannu sake a zauna. Zumunci a ƙafa yake.

Labarin ya kai kunnen tsofaffin, ban san ta yaya ba. Yau da safe sai ga Mama da ƙullin yakuwa da tafasa daga ɗan fegin bayan ɗakinta, ta ce, "'Yata, a sa a miya." Gwaggo ta aiko babbar jikarta ta taya mu tuƙi. Iya ta ce a kawo mata gyaɗa ta riƙa ɓarewa, hannunta ai yana gani. Da fari wasu sun so a mayar wa Mama ganyenta don tausayi. Na ce a'a, a karɓa, a kuma gaya mata miyar ta yi daɗi. Hana mutum ya bayar ma wata hanya ce ta nuna masa ba shi da amfani.

Juma'a, 12 ga Satumba, 2025

Ba a tsallake Juma'a ko ɗaya ba, ko da yake sau uku kunu kawai aka kai. Sabuwar masara ta fara shigowa. 'Yar'uwarmu da ta janye a watan Fabrairu ta aiko da kwano biyu na wake, ba ta dai dawo zubi ba tukuna. Ni da Hajiya za mu je gidanta gobe.

Likitan ido ya duba Iya, ya ce idon dama zai yi aiki in aka cire yanar, na hagu kuwa ya wuce gyara. Mun tara kusan rabin kuɗin. Tana jin tsoron wuƙa, don haka za mu kawo mata wata tsohuwa daga unguwar Hausare da aka yi wa irin aikin bara su yi magana. Jikokin Gwaggo biyu sun shiga makaranta, ƙaramin ba shi da takardar haihuwa, mijin Hajiya na bin maganar. An samo lambar ɗan Mama da ke Duwala, ya yi alkawarin kira duk Lahadi a wayar ɗana. Ya kira sau ɗaya, muna jiran na jibi.

Daga Kano ba labari har yanzu. Matan wata unguwa sun aiko suna son su ga yadda muke yi, an ce su zo Juma'a mai zuwa da hantsi, girkin a gidana ne. Abin da za a saya kafin nan: gawayi, daddawa, gidan sauro 2, da maganin hawan jini na mutum uku.